Tsokar alade da rarar ci: kundin aikin bincike

16 ga Satumba, 2024

Yau aka fara awo. An kwaso 'yan aladun daga ɗakin yaye zuwa ɗakunan gwaji, kowannensu yana da kimanin mako 10 da haihuwa, nauyinsa kuma bai yi nisa da kilo 30 ba, kuma a nan za su zauna har su kai wajen kilo 110. Dukkansu nau'in Large White ne, maza dandaƙaƙƙu, domin kada bambancin jinsi ya shiga cikin lissafi. Gonar gwajin tana yankin Bretagne a arewa maso yammacin Faransa, wanda shi kaɗai yake samar da fiye da rabin aladun ƙasar, kuma a wajen manoman da ke kewaye da mu abinci ne yake cinye kusan kashi biyu cikin uku na duk kuɗin da suke kashewa a kiwo.

Tambayar da aikin ya ginu a kanta ita ce wannan: aladu biyu 'yan uwa ɗaya, suna ɗaki ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, su kai nauyi ɗaya a mako ɗaya, amma ɗayan ya ci ƙasa da ɗan'uwansa. Daga ina bambancin yake, kuma ana iya ganinsa a cikin tsoka? An zaɓi tsoka ne saboda ita ce mafi yawa a jikin dabbar, tana shan kaso mai tsoka daga kuzarin abinci, kuma ita ce manomi yake sayarwa. Abin da za mu ƙirga a cikinta shi ne RNA. Rubutun gado na DNA iri ɗaya ne a kowane sel na jikin dabba, amma ba duk ƙwayoyin gado ne suke aiki a lokaci guda ba. Wadda take aiki ana kwafo ta zuwa RNA, daga nan a ƙera furotin. Yawan kwafin da aka samu na kowace ƙwayar gado shi yake nuna ƙarfin aikinta a wannan sa'a.

Ma'aunin da manoma suka saba da shi shi ne a raba abin da dabba ta ci da nauyin da ta ƙara. Idan alade ya ci kilo 208 ya ƙara kilo 80, lissafinsa 2.6 ke nan. Matsalar wannan ma'auni ita ce yana cakuɗa abubuwa daban-daban, domin kashi uku cikin huɗu na jan nama ruwa ne, shi kuwa kitse kusan babu ruwa a cikinsa, saboda haka tara kilo ɗaya na kitse yana cin abinci ninki uku zuwa huɗu na abin da kilo ɗaya na jan nama zai ci. Alade marar kitse zai fito da lissafi mai kyau ko da jikinsa bai fi na kowa tattali ba. Don haka za mu yi amfani da rarar ci, ma'aunin da Robert Koch da abokan aikinsa suka gabatar a 1963 a kan shanun nama a Amurka, wanda masana suke taƙaitawa da RFI. Ana lissafa abin da ya kamata dabba ta ci bisa girman jikinta da saurin girmanta da kaurin kitsen bayanta, sannan a cire shi daga abin da ta ci a zahiri. Wadda ta ci ƙasa da lissafi ita ce mai tattalin ci, wadda ta zarce shi kuma ita ce mai yawan ci.

30 ga Satumba, 2024

Kowane ɗaki yana da injin ba da abinci guda ɗaya wanda alade ɗaya kawai yake iya shiga a lokaci guda. Injin yana karanta ɗan kunnen lantarki da ke kunnen dabbar, ya rubuta lokacin shigarta da na fitarta da nauyin abincin da ya ragu a mazubi. Mun yar da bayanan makon farko baki ɗaya, domin a lokacin dabbobin suna koyon injin ne kuma suna faɗan neman girma a tsakaninsu. Har yanzu ma ana ganin alamar wannan faɗa a cikin bayanan: masu ƙarfi suna ci da safe da yamma cikin natsuwa, raunana kuwa suna yawan shiga da dare ko su ci da gaggawa.

Mafi yawan lokacina yanzu yana tafiya ne wajen tace bayanai. Akwai ziyarar da injin yake rubuta cewa an ci abinci mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, wanda ba zai yiwu ba. Yawanci wani alade ne ya tunkuɗe wani, ko aka zubar da abincin ƙasa. Idan garin abinci ya jiƙe ya manne a mazubi, sikelin yakan karkace, saboda haka ake gwada shi da ƙarfe mai sanannen nauyi kowane mako. Na ɗauki wannan aiki da muhimmanci fiye da duk wani mataki da zai biyo baya, domin bambancin da muke nema tsakanin dabbobin bai wuce gram ɗari da wani abu a yini ba, alhali babban alade yana cin fiye da kilo 2 a yini. Idan sikeli ya yi kuskure a nan, za a sanya dabba a rukunin da ba nata ba, kuma babu na'urar karanta RNA da za ta gyara wannan daga baya.

21 ga Oktoba, 2024

Dabbobin suna girma lafiya, don haka na samu damar komawa ga abin da aka riga aka gano. Gwaje-gwaje biyu ne manya a wannan fanni. A Faransa cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRA, wadda ta koma INRAE a 2020, ta fara ware aladun Large White zuwa zuri'a biyu a shekarar 2000, ɗaya ta masu tattalin ci, ɗaya ta masu yawan ci, ana haɗa kowace da irinta. A Amurka kuma Jami'ar Jihar Iowa ta fara irin wannan zaɓe da aladun Yorkshire a 2001. Tun da zuri'o'in sun rabu kuma tazarar ta ci gaba da faɗaɗa, ya tabbata cewa rarar ci hali ne da ake gada, ko da yake ba gado kaɗai ne yake tsara shi ba.

A bitar da Hélène Gilbert da abokan aikinta suka wallafa a 2017, bayan an maimaita zaɓen sau 9 daga iyaye zuwa 'ya'ya, tazarar rarar ci tsakanin zuri'o'in Faransa ta kai gram 165 a yini, kuma abincin da masu tattali suke buƙata a kan kowane kilo na nauyin da suka ƙara ya gaza na masu yawan ci da kilo 0.32. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda tattalin ya fito. Kuzarin da jikinsu yake buƙata don ya ci gaba da rayuwa kawai, ba tare da girma ba, ya ragu da kashi 10 cikin 100, kuma lokacin da suke ɓatawa a tsaye ya ragu da kashi 21 cikin 100. Narkar da abinci a hanji kuwa bai canja ba. Wato wani ɓangare na abin da muke nema a cikin tsoka yana cikin halin dabbar ne: ta ci ta ƙoshi ta kwanta.

A cikin tsokar kanta, masu tattali na Faransa sun fi yawan fararen zaruruwa masu saurin motsi (zaruruwa su ne dogayen sel ɗin da suka haɗu suka yi tsoka), waɗanda suke dogara da sukarin da aka adana a matsayin gilaikojin, kuma a binciken RNA na 2015 an ga ƙwayoyin gadon da suka shafi ƙera furotin sun ƙara aiki a jikinsu, waɗanda suka shafi maitokondiriya kuma sun rage. Maitokondiriya su ne ƙananan sassan sel da suke ƙona abinci da iskar oksijin su fitar da kuzari. Wani bincike da aka yi a Sin a wannan shekarar a kan aladun Yorkshire ya nuna irin wannan raguwa. A Iowa an gano cewa maitokondiriyar masu tattali ba sa yoyon lantarki sosai, wato ba sa yawan asara wajen ƙona abinci, kuma tsokarsu ba ta yawan rushe furotin ɗin da ta riga ta gina, wanda ke nufin ba ta biyan kuɗin gini sau biyu. Amma a kajin nama, aikin Walter Bottje a Jami'ar Arkansas ya nuna cewa masu amfani da abinci da kyau sun fi yawan furotin ɗin maitokondiriya a tsokar ƙirji. Bitar 2017 ta faɗi a fili cewa ba a samu wata alama guda mai gamsarwa a jini ko a gado da za ta bayyana rarar ci ba, kuma da alama aladu suna kaiwa ga tattali ta hanyoyi daban-daban. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa ba na sa ran aikinmu zai ƙare da sunan ƙwayar gado guda ɗaya.

12 ga Nuwamba, 2024

An auna kaurin kitsen baya da na'urar hoto mai amfani da sauti, an kuma ɗebi jini domin a duba ƙwayoyin gado huɗu da aka san suna da babban tasiri su kaɗai. Ta farko ita ce RYR1, wadda aka gano canjinta a 1991, mai sa alade ya kasa jure firgici kuma namansa ya fito fari fat, mai laushi, yana zubar da ruwa. Ta biyu PRKAG3, wadda aka gano a 2000 a aladun Hampshire, mai cika tsoka da gilaikojin fiye da kima. Ta uku MC4R, mai taɓa sha'awar ci da kitse. Dole mu san abin da kowace dabba take ɗauke da shi, don kada mu jingina wa rarar ci abin da ɗaya daga cikinsu ta jawo.

Ta huɗu, IGF2, ita ce nake yawan komawa kanta, domin ita ce misalin da ya fi nuna abin da aikin ƙwayar gado yake iya yi. A 2003 aka gano cewa canjin harafi ɗaya tak a DNA, a wurin da ba ya shiga cikin ginin furotin ɗin ma, yana hana wani furotin mai taka birki kama wurin. A 2009 aka gano wannan mai birki, aka sa masa suna ZBED6. Idan birkin bai kama ba, RNA na IGF2 yana ninkuwa kusan sau uku a cikin tsoka bayan haihuwa, jan nama kuma ya ƙaru da kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kuma kwafin da aka gada daga uba ne kawai yake aiki. A nan an san sanadi kuma an san sakamako, domin canjin DNA ya riga komai zuwa. A rarar ci ba mu da wannan gata. Idan muka ga wata ƙwayar gado ta rage aiki a tsokar mai tattali, yana iya zama ita ta jawo tattalin, yana kuma iya zama ƙarancin ci da yawan kwanciya ne suka rage mata aiki.

2 ga Disamba, 2024

Mun zauna da shugabar binciken da ma'aikatan gona a kan tsarin yanka. Lissafin rarar ci na wucin gadi ya fito, kuma mun amince a zaɓi dabbobin bibbiyu daga haihuwa ɗaya, ɗaya daga ƙarshen tattali, ɗaya daga ƙarshen yawan ci, ta yadda uwa da uba ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Wannan ya rage girman tazarar da za mu samu, amma ya fi tsabta.

Muhawarar da ta fi tsawo a kan ranakun yanka ce. Ya fi sauƙi ga ma'aikata a kwashe rukuni ɗaya yau, ɗayan kuma wata rana, amma hakan zai lalata aikin gaba ɗaya. RNA na tsoka yana canjawa cikin sa'o'i kaɗan: tsawon lokacin da dabba ta yi ba ta ci ba, da wahalar mota, da sanyin safiyar ranar, duk suna kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu. Ƙirgen RNA kamar hoton kasuwa ne da aka ɗauka sau ɗaya. Wanda ya ɗauka da hantsi da wanda ya ɗauka da la'asar za su kawo kasuwa biyu daban alhali wuri ɗaya suka tsaya. Saboda haka kowace ranar yanka za ta ƙunshi 'yan uwan biyu tare, za a rufe injin abinci a sa'a ɗaya ga kowa, kuma za a riƙa sauya wanda zai fara shiga layi.

19 ga Disamba, 2024

An gama yanka. Daga kowace gawa an yanko ɗan guntu daga doguwar tsokar gadon baya, daidai saitin haƙarƙari na ƙarshe, cikin 'yan mintoci bayan mutuwa, aka jefa shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, daga baya aka mayar da shi firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Wurin da aka yanko yana da muhimmanci, domin ko a cikin tsoka ɗaya zaruruwan gaba sun bambanta da na baya. An ajiye guntu na biyu daga wuri ɗaya domin yanke shi siriri a duba a madubin ƙara girma.

An kuma auna tsamin naman a minti 45 da kuma bayan sa'a 24. Tsokar dabba mai rai tana kusa da 7 a ma'aunin pH, bayan yanka kuma gilaikojin ɗin da ya rage yana juyewa zuwa tsami har ma'aunin ya sauka wajen 5.5. Idan ya sauka da yawa naman yakan yi haske ya riƙa zubar da ruwa, kuma an ga alamar hakan a zuri'ar masu tattali ta Faransa, ko da yake bai taɓa ɗanɗanon naman sosai ba. Masu sarrafa nama suna kula da wannan ƙwarai, don haka ba za a raba maganar tattalin abinci da maganar ingancin nama ba.

20 ga Janairu, 2025

An gama fitar da RNA. Tsoka tana da tauri da jijiyoyi, sai an niƙe ta tana daskare kafin ta saki abin da ke ciki. An cakuɗa rukunonin biyu a kowane zagaye na aikin, bisa dalilin da ya sa aka cakuɗa su a mayanka. Ana auna lafiyar RNA da maki daga 1 zuwa 10, kuma mun sa 7 a matsayin iyaka. 'Yan kaɗan da suka faɗi ƙasa an sake fitar da su daga ragowar guntun. An tura samfuran cibiyar da za ta karanta su da na'urar karanta haruffan gado ta kamfanin Illumina.

24 ga Fabrairu, 2025

Muna jiran sakamako, ni kuma ina rubuta babin rahotonmu da ya shafi amfanin aikin a wajen Turai. A kudancin Kaduna inda na tashi ana kiwon alade sosai, kuma kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan, wadda take ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin alade a Nijeriya. Mafi yawan masu kiwon can ba sa ba dabbobinsu haɗin alkama da sha'ir da waken suya irin na nan. Dusar masara ce da dusar burkutu da ɓawon rogo da ragowar abincin gida, saboda masara tana da masu ci da yawa kafin ta kai ga dabba. Irin wannan abinci yana da yawan harza da wuyar narkewa, kuma alade kusan ba ya yin gumi, don haka idan zafi ya tsananta sai ya rage ci da kansa.

Masu binciken Faransa sun gwada zuri'o'insu da zafi da abinci mai harza, kuma ba su ga wata hujja bayyananniya cewa masu tattali sun fi rauni ba, wanda labari ne mai daɗi. Amma sun kuma nuna cewa idan ana son inganta narkar da abinci, sai an yi zaɓen a kan abinci mai harzar. Wannan shi ne ya shafi mai kiwo a Zangon Kataf kai tsaye: aladen da ya fi tattali a kan abincin Bretagne ba lallai ba ne ya zama shi ne mafi tattali a kan dusa, domin a can hanji ne zai fi yanke hukunci kafin a zo ga tsoka. Abin da za a iya ɗauka daga aikinmu a kai can yau shi ne hanyar awon, wato sikeli da littafin rubuta abin da aka zuba da abin da ya rage, da auna dabba a kan kari. Da wannan kaɗai mai kiwo zai iya gane wace uwa ce 'ya'yanta suke ƙara nauyi da abinci kaɗan, ya ajiye irinta.

31 ga Maris, 2025

Bayanan sun iso. An jera guntayen RNA ɗin a kan taswirar gadon alade da manhajar STAR. Taswirar ta samo asali ne daga wata macen alade nau'in Duroc. An wallafa ta farko a 2012, kuma wadda muke amfani da ita, Sscrofa11.1, ta fito a 2017. Alade yana da kuromosom 38, wato tagwaye 18 da kuma biyun da suke tsara jinsi.

Kamar yadda aka saba gani a tsoka, ƙwayoyin gado kaɗan ne suka kwashe babban kaso na karatun: ACTA1 da CKM da na mayosin, wato furotin ɗin da yake motsa tsoka, sai kuma guda 13 masu ƙera furotin da maitokondiriya suke ɗauke da su a cikin nasu DNA. Da na zana samfuran bisa kamanninsu, abin da ya fara raba su shi ne ranar yanka, kafin rukunin ci. Da an yanka rukunonin a ranaku daban, da yanzu muna riƙe da dogon jerin ƙwayoyin gado da ba su da alaƙa da abinci ko kaɗan. Tun da kowace rana ta ƙunshi ɓangarorin biyu, ana iya cire tasirinta a cikin lissafi da manhajar DESeq2. Sai kuma batun yawan gwaji: idan aka gwada ƙwayoyin gado 20,000 da iyakar kuskure ta kashi 5 cikin 100, wajen 1,000 za su fito kamar sun bambanta ko da babu wani bambanci, don haka za a bi hanyar gyaran da masana lissafi Benjamini da Hochberg suka kawo a 1995.

14 ga Afrilu, 2025

Na dakatar da fitar da jerin ƙarshe na ƙwayoyin gadon da suka bambanta tsakanin rukunonin biyu har sai an gama duba zaruruwa. Tsokar alade tana da zaruruwa iri huɗu, kowanne da mayosin ɗinsa: MYH7 na jajaye masu jinkiri da yawan maitokondiriya, MYH2 da MYH1 na tsaka-tsaki, sai MYH4 na farare masu sauri da ƙarancin maitokondiriya, waɗanda su ne suka fi yawa a tsokar gadon baya. Guntun da muka niƙa cakuɗe ne na dukkansu. Idan masu tattali sun fi yawan fararen zaruruwa, RNA na maitokondiriya zai yi ƙasa a guntunsu ko da kowane zare yana aiki daidai da irinsa a jikin ɗan'uwansa, kuma mai karanta jerin zai ɗauka ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne suka canja, alhali abu ɗaya ne ya canja, wato rabon zaruruwa. Ina ganin wannan yana iya zama wani ɓangare na dalilin da ya sa binciken da aka yi a wurare daban-daban bai daidaita a kan maitokondiriya ba.

Saboda haka an fara yanka guntu na biyu siriri ana rina shi domin a ƙirga kowane irin zare a madubi, sannan a kwatanta ƙirgen da rabon RNA na mayosin huɗun. Za a kuma auna yawan DNA na maitokondiriya a kowane samfuri, da ƙarfin sinadarai biyu, ɗaya na hanyar ƙona abinci da oksijin, ɗaya na hanyar fasa sukari. Bayan nan zan sake lissafin sau biyu, ɗaya da rabon zaruruwa a ciki, ɗaya babu shi, kuma ƙwayoyin gadon da suka tsaya a duka biyun ne kawai za a sake tabbatarwa da gwajin qPCR, wanda yake auna RNA na ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya. Na kuma nemi a fitar mini da yawan ziyarar kowace dabba ga injin abinci da tsawon zamanta a ciki, domin a shigar da halin ci cikin lissafi ɗaya. Rinin zaruruwan zai ɗauki sauran wannan wata.